Wata huɗu tare da mai tsara cikin gida a Yamai

Ranar da mai tsara cikin gidan ta fara zuwa gidanmu a Banifandu, na riga na tara hotuna sun fi arba'in a salula. Duk na falo ne: farar kujera mai lanƙwasa, karo, wato tayil ɗin daɓen ɗaki, mai sheƙi kamar an zuba ruwa, labule mai jan ƙasa, ga wata ƙatuwar fitila tana reto daga sama. Wasu na Dubai ne, wasu na Turkiyya, a Facebook da Instagram na tsince su. Tun ba ta ajiye jakarta ba na miƙa mata wayar. Ta duba huɗu ko biyar, ta maido mini, ta ce, "Tanti, za mu dawo kansu. Yanzu gaya mini, da dare a ina kuke cin tuwo?"

Na ce a ƙasa, bisa tabarma, gaban talabijin. Ta tambayi mu nawa ne. Na ce bakwai, in Inna ta zo daga Tawa mu zama takwas, kuma takan yi wata uku in ta zo. Ta tambayi inda maigida yake salla idan bai samu jam'i ba, da inda baƙinsa maza suke zama, da wanda yake shara da ko sau nawa a yini, da inda yara suke rubutun makaranta, har da inda muke kwana idan wuta ta ɗauke a watan Afirilu. Kusan awa guda tana tambaya tana rubutawa a ɗan littafi, ba ta ambaci launi ko sau ɗaya ba. A raina na ɗan ji haushi, don na ɗauka ranar za a fara zaɓen yadi.

Gidan nan shekara bakwai muka yi muna gina shi, ɗaki bayan ɗaki, kamar yadda akasarin ma'aikata suke yi a Yamai. In an samu kuɗi a sayi tan ɗaya na siminti, a buga bulo, a jira. Da muka tare, kayan gidan haya muka kwaso muka zuba. A 2019 na yi dabarar kaina na sayi kujeru masu rufin leda mai kama da fata. Zafi biyu suka gani ledar ta fara saɓulewa tana manne wa mutane a riga. Na sa aka yi wa falo farin fenti, hunturu ɗaya ya mai da shi ja daga ƙasa zuwa ƙugu. Waɗannan asarori biyu su ne hujjata lokacin da maigida ya ce, "Kuɗin da za ki ba wata ta zaɓa miki labule, ai ya isa ya sayi labulen." Na ce masa na riga na sayi labule da kujera da kaina sau ɗaya, ga su nan muna gani. Ya yi shiru, bayan kwana biyu ya ce in nemo, amma kada a wuce abin da muka ware.

Neman ya fi yadda na zata wuya. A garin nan in ka ce kana neman mai dekorasiyon, yawanci mai ƙawata wurin biki za a nuna maka. Ta farko da aka haɗa ni da ita gwana ce a rumfar amare da furanni, amma da na tambaye ta batun wayoyin wuta sai ta ce wannan aikin magini ne. Na biyu mai kantin kayan ɗaki ne. Ya ce zanen kyauta zai yi mini, sai na lura duk abin da ya sa a zanen daga kantinsa yake. Ta uku wata abokiyar aikina ce ta ba ni lambarta. Yarinya ce da ba ta kai ni shekaru ba, ta yi karatun zanen gine-gine a Lome, ta dawo ta koma aikin cikin gida. Na roƙe ta ta kai ni gidaje biyu da ta yi, kuma na ce ɗaya ya zama wanda ya shekara uku ko fiye. Sabon aiki kowa nasa yana kyau. A tsohon gidan na buɗe ƙofofin kabad ɗaya bayan ɗaya, na shafa gefen katako, na duba ƙasan bango wajen da ake goge ƙasa da ruwa. Da ta fita amsa waya, na tambayi matar gidan a asirce. Ta ce mini, "Aikinta yana da kyau, amma lokacin da ta ce miki, ki ƙara rabinsa a kai." Maganar nan ta tabbata, har ta zarce.

Ziyarar farko da awo jika 25 ta karɓa, ta ce za a cire daga kuɗin aikinta idan mun daidaita. Sau uku ta zo awon: da safe, da ƙarfe uku na rana, da bayan magariba. Zuwan ƙarfe ukun shi ya buɗe mini ido. Ta kama hannuna ta ɗora a bangon yamma na falon. Zafi rau, kamar bayan tanda. Ta ce bangon nan na bulon siminti yana shan rana tun azahar, ya riƙe zafin, ya dinga sako shi cikin ɗaki har tsakar dare, kuma a jikinsa muka jingina babbar kujera da talabijin. Shekara da shekaru muna zama a wurin muna cewa falonmu ya cika zafi, ba wanda ya taɓa dafa bangon.

Inna tana nan lokacin, tana zaune tana kallon jan ɗigon na'urar awo yana yawo a bango. Ta ce, "Ɗiyata, mi kike awo haka tun ɗazu?" Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, ina so in ga yadda kike tashi daga kujerar nan." Inna ta dafa gwiwa, ta yunƙura sau biyu kafin ta miƙe. Ta auna kujerar, santimita 37 daga ƙasa, kuma soson ya lotsa. Ta rubuta 45 a littafinta ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Bayan kwana goma ta kawo debi, wato takardar lissafin aiki. Shafi huɗu. Kowane abu da layinsa: mita nawa na karo, buhu nawa na gam ɗin karo, bokiti nawa na fenti, ladan kafinta, ladan mai aikin wuta, kuɗin mota, har kuɗin kwashe ɓaraguzai. Mun ware miliyan 3 da rabi na sefa, kuɗin adashina da wani ɗan bashi da maigida ya ci a wurin aiki, don falo da wurin cin abinci da kicin da banɗakin baƙi. Lissafinta na farko ya zarce da kusan jika 700. Muka zauna mu uku muka bi layi-layi. Ita ce ta fara soke silin ɗin filasta mai hawa uku da na nema, ta ce ƙura yake tarawa a lungunansa kuma yana rage tsawon ɗaki, alhali a ƙasa mai zafi tsawon ɗaki dukiya ne. Ta kuma nace a bar kashi 10 cikin 100 a gefe, kada a taɓa, don abin da ba a gani sai an fasa. Ladanta kashi 10 ne na kuɗin aikin, biya uku: kafin alƙalami, tsakiyar aiki, da ranar miƙa makulli.

Maigida ne ya ce a rubuta komai a sa hannu, kuma Allah ya saka masa. Takarda ɗaya ce kawai. Ta ƙunshi ɗakunan da za a taɓa, da kuɗin, da mako takwas na aiki, da cewa gyaran zane sau biyu kyauta ne na uku da kuɗi, da cewa ba za a sayi abin da ya wuce jika 50 ba sai na gani na yarda, kuma kowace rasit tawa ce. Muka buɗe rukuni a WhatsApp, ni da ita da maigida, duk kuɗin da aka tura ta Nita a sa hoton shaidar a ciki. Abu ɗaya muka manta ba mu rubuta ba, zan zo kansa.

Da ta kawo zanen a kwamfuta, hoto kamar an riga an gama, sai na ji zuciyata ta faɗi. Ba farar kujera. Ba fitila mai reto. Bango launin yashi, doguwar kujerar katako mai bin bango biyu irin wadda muke kira salon marokan, tsakiyar ɗaki fili fetal. Na ce mata wannan ai bai yi kama da ko ɗaya daga hotunana ba, kuma ni nake biya. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Tanti, gidanki ne, in kin ce fara, fara za a yi. Amma ba ni mako guda." Ta ciro ƙyallaye uku daga jaka, fari da ruwan toka da ruwan ƙasa, ta shimfiɗa su a kan tagar falo ta ce kada kowa ya taɓa. Lokacin ƙarshen Oktoba ne, hunturu bai ma sauka sosai ba, titinmu kuwa jar ƙasa ce ba kwalta. Kwana shida na ɗaga farin, ya zama kamar an jiƙa shi a ruwan goro. Na ruwan ƙasan sai da na kaɗa shi na san akwai ƙura a jikinsa.

Na haƙura da fari, amma ban haƙura da komai ba, kuma ina ganin daidai na yi. Ta so a bar bangon duka launi ɗaya, ni kuwa na ce falo ba tare da wani launi mai rai ba kamar miya ce ba gishiri. Na nace sai an sa shuɗi mai duhu, irin na baba, a bangon da ke fuskantar ƙofa. Ta ce zai rage hasken ɗakin. Na ce na yarda ya rage. Ta sa mai fenti ya shafa shuɗi iri uku a bangon, kowane faɗin tabarmar salla, muka dube su da safe da dare kafin na zaɓa. Daga baya ita da kanta ta ɗauki hoton bangon ta nemi izinina ta nuna wa wasu.

Sai batun bangon da ke tsakanin falo da wurin cin abinci. Na so a rushe shi ɗakin ya zama ɗaya. Maginin da ya yi mana gidan ya ce yini ɗaya ya ishe shi. Ita ta ƙi. Ta ce ba ta rushe bango a gida mai rufin kankare sai injiniya ya gani, don aikinta bai kai nan ba. Muka biya wani ya zo, ya ƙwanƙwasa, ya duba zanen ginin, ya ce akwai ginshiƙi a tsakiyar bangon da ke ɗauke da nauyin rufin. Aka buɗe gefe ɗaya kawai, faɗin mita biyu, aka bar ginshiƙin a wurinsa, kafinta ya kewaye shi da kantoci. Yanzu nan littattafan yara suke. Duk lokacin da na tuna cewa saura kaɗan in sa a kai masa guduma, sai in yi hamdala.

Kasuwar Katako na san ta tun ina yarinya, amma ban taɓa shigarta da wanda ya san katako ba. Mun isa ƙarfe takwas na safe, ƙarar zarto da bugun ƙarfe ta ko'ina, masu tura kura suna ta "hanya, hanya". Ta wuce rumfuna da yawa ba ta tsaya ba. Inda ta tsaya, ta ɗaga katako ta ji nauyinsa, ta kanne ido ɗaya ta bi tsawonsa ko ya karkace, ta duba ko akwai ƙananan ramuka masu garin ƙwaro. Mai rumfar, dattijo mai furfura, ya ce, "Madam, yau ma za ki hana ni ciniki da bincikenki." Ta ce, "Baba, wanda ya bushe nake so, ba na saukar jiya ba." Jan katako ta zaɓa don ƙafafun kujera da firam, ta ce farin ya fi araha amma gara ta fi son sa. Don kabad ɗin kicin ta ƙi allon nan na garin katako da aka matse, ta ce ruwa kaɗan ya taɓa gefensa sai ya kumbura kamar burodi. Falawud mai kauri ta ɗauka, ƙasan kabad ɗin kuma ta ce magini ya ɗaga shi da ɗan dakalin siminti saboda ruwan mofi. A wurin masu soso ta sa na zauna a kan iri biyu. A zaman farko duk ɗaya suke. Ta sa na ɗaga su, ɗaya ya fi ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. Ta ce nauyin ake saya, mara nauyin shekara guda zai kwanta.

Karo kuwa mun yi yawo kantuna huɗu. Mai sheƙin da nake so ta zuba masa ruwan leda ɗaya a gaban mai kanti ta ce in taka da silifas. Na taka, na kama kafaɗarta. Gidan da ake alwala sau biyar, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga yara masu gudu, ban bukaci ƙarin bayani ba. Muka ɗauki mara sheƙi, 60 a 60. Ta ƙara kashi 10 a kan awon saboda yanka da fashewa, ta tsaya ta duba lambar da ke jikin kowane kwali, ta ce karo iri ɗaya in ba gashi ɗaya ba ne launinsa yakan bambanta, kuma ba a ganewa sai an shimfiɗa.

A kantin karon ne na ji abin da ya ɓata mini rai. Na koma ni kaɗai karɓar rasit, yaron kantin ya ce mini a cikin hira ai Madam tana da kasonta a kowane ciniki da ta kawo. Wannan ne abin da ba mu rubuta ba. Daren nan ban yi barci sosai ba. Ina ta tunanin ko don la'ada ta kai ni can, ko karon da na so ta ƙi ne don ba a wurin yake ba. Washegari na kira ta gida, ban yi ta waya ba. Na ce, "Ƙanwata, na ba ki amana, ina so ki gaya mini gaskiya." Ba ta ɓoye ba. Ta ce haka ne, ƴan kasuwa suna ba duk mai kawo musu ciniki wani abu, magina da masu fenti ma suna karɓa, kuma farashin da na biya bai fi wanda za a sayar mini ni kaɗai ba. Na ce na yarda haka ake yi, amma tunda ina biyan ta don ta ba ni shawara, ya kamata in san wa kuma yake biyan ta. Ta yi shiru jim kaɗan, ta ce ina da gaskiya. Muka daidaita cewa duk ragin da aka yi mata daga ranar za a raba biyu kuma a rubuta. Har yau ina ganin da ta faɗa tun farko da ya fi mata daraja. Duk wadda ta tambaye ni yanzu, abu na farko da nake ce mata shi ne ta yi wannan tambayar tun kafin a sa hannu, ba kunya a ciki.

Aikin fasa da wayoyi da karo ya tafi lami lafiya, mako uku. Mun koma ɗakunan baya, ana girki a tsakar gida, ƙura har cikin kwanon abinci. An ƙara soket tara, an raba layin kicin da na falo, an sa fitilu ƙanana masu haske ruwan ɗorawa a falo da farare a kicin. An feshe ƙasan bango da maganin gara kafin a shimfiɗa karo. Banɗakin baƙi ta juya mazauninsa, don yadda yake a da yana fuskantar gabas, maigida ya daɗe yana ƙorafi a kai. Ta kuma bar kusurwar da ke kallon alƙibla ba kowa ba komai, sai ɗan kanta na Alƙur'ani da carbi.

Daga nan jinkiri ya fara. Hannayen kabad da maƙalan ƙofa masu rufewa a hankali da ta yi oda suka maƙale a hanya. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa ta tashar Lome suke biyowa, su ratsa Burkina Faso a ayarin motoci da rakiyar sojoji, kuma ba mai iya ce maka ga ranar isowa. Mako uku muka jira, a ƙarshe na ce a sayi abin da ke kasuwa. Sai kafintan ya ɓace kwana tara bayan ya karɓi kuɗin tsakiya, ashe wani aikin ya kama a Harobanda. A nan na ga amfanin samun wanda ke tsaye tsakanina da masu aiki. Da ni ce, da kullum ina waya ina roƙo. Ita ta hau mota ta same shi a inda yake aikin, ta tuna masa cewa akwai gidaje biyu a gaba da take shirin ba shi. Washegari da sassafe sai ga shi da yaransa.

Kuskure mafi girma kuwa nata ne da na kafintan tare. A tsakiyar Janairu, hunturu ya kankama, leɓe yana tsagewa, wata safiya muka ji ƙara ƙas daga wurin cin abinci. Saman teburin da aka kawo mako biyu da suka wuce ya tsage, tsagar da yatsa zai shiga. Katakon da ta zaɓa a Katako bai isa ba, kafintan ya cika da wani da ya saya shi kaɗai, wanda bai gama bushewa ba tun damina. Iskar hunturu ta zuƙe ruwan jikinsa, ya tsuke, ya fashe. Na tura hoton a rukuni ban ce komai ba. Cikin awa ɗaya ta iso, ta shafa tsagar, ta ce, "Laifina ne, Tanti, ya kamata in je in duba kafin ya haɗa." Ita da kafintan suka raba kuɗin sabon saman, ban ƙara ko dala ba. Wannan ya wanke mini abin da ya rage a zuciyata na batun la'ada.

Kayan ado su ne ƙarshe, kuma su suka fi yi mini daɗi. Ta tambaye ni ko akwai wani abu na gidanmu da nake ajiye da shi. Na ciro faya-fayan kakata guda bakwai daga ƙasan akwati, saƙar kaba mai ja da baƙi, tun na jeren ɗakinta a Tawa. Kunya ma nake ji in nuna su, don gefen biyu ya fara warwarewa. Ta jera su a ƙasa, ta yi ta juya su, sannan ta sa aka kafa su a bangon shuɗin nan. Muka je ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata muka sa aka ɗinka mana tintim huɗu na fata, muka sayi bargon tera-tera aka yafa a kan doguwar kujera, ta kawo manyan tukwane biyu na garin Bubon aka ajiye a bakin ƙofa. Duka kuɗinsu bai kai na fitilar da na so saya ba. A hanya muka yi hirar ginin ƙasa, na ce mata ɗakin kakata bai taɓa yin zafin falona ba. Ta ce ai jiharmu ta Tawa ce ke da masallacin Yama, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962 har ya ci kyautar Aga Khan a 1986, ga kuma masallaci da ɗakin karatu na Dandaji da Mariam Issoufou Kamara ta yi aikinsu tare da abokiyar aikinta. Ta ce masu zane daga ƙasashen waje suna zuwa kallon waɗannan, mu kuma muna kallon Dubai a waya. Ban taɓa zuwa Yama ba duk da kusancinsa da garinmu, na ƙudurta in na je gida zan biya.

Bangon yamman nan ba a iya sauya shi ba, amma an yi masa dabara. Mai walda ya yi rumfar ƙarfe a waje ta kare shi daga ranar la'asar, aka dasa dogon yaro biyu a gabansa, tagar aka sa mata ragar sauro da labule biyu, mai kauri da shara-shara. Kujera da talabijin suka koma bangon arewa. Na so a sa kilim babba, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta lissafa mana abin da zai ci a takardar kamfanin wuta NIGELEC kowane wata, muka koma kan fanka biyu na sama da na'urar nan mai sanyaya iska da ruwa, imidifikater. Ta faɗa mana tun farko cewa a watannin zafi busasshe take aiki, da damina ta sauka iska ta yi laima amfaninta ya ragu. An bar bututu da layin wuta a bango don ranar da za mu iya sayen kilim.

Mako takwas ya zama mako goma sha bakwai. An gama a ƙarshen Fabrairu 2025, saura kwana kaɗan azumi. Ranar miƙawa ta zo da takarda, muka zagaya tare, ta ce in faɗi duk abin da bai yi mini ba. Na lissafa goma sha ɗaya: ɗigon fenti a kan soket, ƙofar kabad ɗaya da ba ta haɗuwa, karo biyu masu ƙarar fanko in an ƙwanƙwasa, da sauransu. Na riƙe biyan ƙarshe har aka gyara su, kuma ita ce ta ce in riƙe. Kuɗin da muka ajiye a gefe ya tafi duka, muka ƙara jika 120 a kai. Ta bar mini fayil mai lambar kowane fenti, da hoton inda wayoyi da bututu suka bi kafin a shafe bango, da kwali biyu na karo a sito.

Buɗe bakin farko na azumin mu goma sha huɗu ne, har da ƙannen maigida da matansu. Yara suka ɗaga murfin doguwar kujera suka ciro tabarmi daga cikinta, aka shimfiɗa a tsakiyar falo, aka jera kunu da ƙosai da dabino, kowa ya samu wuri ba a ja ko kujera ɗaya ba. Inna ta zauna a nata gefen, ta daɗe tana kallon bangon shuɗi, ta gane faya-fayan, ta ce irin saƙar mutanen da ce, yanzu ba a yin ta haka. Da aka kira isha ta dafa hannun kujera ta miƙe a yunƙuri ɗaya.

Ɗakunan kwana ba mu taɓa su ba tukuna. Adashina zai fito a watan Nuwamba, na riga na gaya mata ta zo ta auna ɗakin Inna, kuma wannan karon katakon tun yanzu za a saya a jingine shi a inuwa ya sha hunturu guda kafin kafinta ya sa masa zarto.